Bindigar Kaka: Gadon da Ke Rataye a Ɗakunan Maharban Birnin Kudu da Gwaram

A gidan maharbi ba a zaure ake ajiye bindiga ba. Tana can ƙuryar turakar maigida, rataye a kan ƙusa biyu, sama da inda hannun yaro zai kai. An toshe bakinta da ɗan tsumma don kada zanzaro ya yi gini a ciki. Ƙotarta ta yi baƙi wuluk saboda zufar hannu da man da ake shafa mata, kuma inda icen ya taɓa tsagewa an naɗe shi da ɗanyar fata, ta bushe ta kama shi gam. A gefenta akwai burgami, da ƙahon albarushi, da 'yar jakar dalma, da wasu layu waɗanda fatarsu ta ƙoƙe har ba a gane launinta na asali.

Duk wanda ya zaga ƙauyukan kudancin Jigawa, daga Sundimina da Kiyako a ƙasar Birnin Kudu har zuwa Fagam da Farin Dutse da Basirka a ƙasar Gwaram, zai iya cin karo da irin wannan ɗaki. In ya tambayi mai ɗakin shekarun bindigar, da wuya a ba shi lissafi. Abin da za a gaya masa shi ne wanda ya fara riƙe ta: ta Baba ce, ko ta Kaka ce, ko ta wan mahaifinsa ce wanda bai bar ɗa namiji ba. Da sunayen mutane ake ƙirga shekarunta.

Sunayenta ma da yawa. Wasu su ce bindigar toka, wasu adaka, wasu baushe. Sunan da ya fi bayyana halinta shi ne harba-ka-ruga, domin harbi ɗaya take yi, kafin a sake ɗura ta kuwa sai an ɗauki lokaci. In abin da aka harba bai faɗi ba, kuma mai faɗa ne, to dabara ta rage ga ƙafa.

Yaron da aka haifa a irin wannan gida ba da bindiga yake farawa ba. Da danƙo yake farawa, yana bin kurciya da ƙadangare a bayan gari. Daga nan sai tarko da asuta, sai kula da karnuka, sai kuma ranar da za a ce ya ɗauki gorar ruwa ya bi manya. Shekaru zai yi yana tafe a bayan mahaifinsa, yana koyon abubuwan da ba a faɗa da baki: yadda ake taka busasshen ganye bai yi ƙara ba, yadda ake zubar da ƙura daga tafin hannu a ga inda iska ta nufa, bambancin sawun gada da na ɗan akuya, da kashin zomo na daren jiya da na shekaranjiya. Wani lokaci a ba shi bindigar ya saɓa a kafaɗa a hanyar dawowa, bayan an tabbatar babu komai a cikinta. Wannan kaɗai ya isa ya hana shi barci don murna.

Sai ranar harbin farko. Tsofaffin maharba kan manta abubuwa da dama, amma wannan rana ba ta ɓace musu. Uban ne ke auna albarushin da hannunsa, ya rage shi ƙasa da abin da shi yake zubawa, ya danna tsumma, ya zuba dalma, ya sake dannawa da sanda. Ya gyara wa yaron tsayuwa, ya tura masa ƙotar ta zauna daram a kafaɗa, ya tuna masa da bisimilla. Yaro ya ja kunama. Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a bakin kowa: ƙarar da ta toshe kunne, farin hayaƙi da ya rufe gaba har ba a ganin abin da aka harba, warin albarushi a maƙogwaro, da kafaɗar da za ta kwana uku tana tsami. Sai hayaƙin ya washe sannan a san ko zabon ya faɗi ko ya tashi. Mafi yawan lokuta ya tashi. In kuwa an dace, yaron ne zai riƙo shi a hannu har cikin gida, ya bi ta hanyar da ta fi yawan jama'a.

Kafin wannan rana da bayanta akwai doka guda da ake cusa wa yaro har ta zama jininsa, wato ba a nuna mutum da bakin bindiga, ko da wasa, ko da an rantse babu komai a ciki. Iyaye kan ce Shaiɗan yana ɗura ta. Maganar tana da tushe a addini, domin hadisi ingantacce ya hana Musulmi ya nuna ɗan'uwansa da makami. Tana kuma da tushe a zahiri. Bindigar toka ba ta nuna ko a ɗure take, sai an zura sanda an auna zurfinta, kuma maharba da yawa kan dawo daga daji su rataye ta da ɗurinta saboda ƙyashin ɓarnar albarushi.

Abin lura shi ne, shugaban maharba a ƙasar Hausa har gobe Sarkin Baka ake ce masa. Sarautar ta girmi bindiga, kuma ta ƙi sauya suna. Kakannin maharban yau da kwari da baka suka yi zamani, da kibiya mai dafi, da kan burtu da suke ɗaurawa a goshi su yi rarrafe su kusanci nama. Wannan yanki na kudu kuwa ya san amfanin baka fiye da farauta. Tun bayan da Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa a wajajen 1846 suka shige duwatsun Ningi, garuruwan kudancin masarautar Kano suka zama bakin daga. Birnin Kudu da Gwaram suna cikin waɗanda suka sha hare-haren Ningawa shekara da shekaru, musamman a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Manomin wancan lokaci da makaminsa yake zuwa gona, kuma makamin nan baka ne da mashi.

Bindiga a lokacin kayan fada ce. Kalmar kanta daga Larabci aka aro ta. Tsohon kundin tarihin Kano ya ambaci bindigogi tun zamanin Sarki Dauda, tsakanin 1421 da 1438, a hannun wani ɗan sarautar Barno mai suna Dagaci, ko da yake masana tarihi da dama suna ganin wannan ya yi wuri ƙwarai. Kundin ya sake ambatarsu a zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, sannan ya ce Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Duk da haka ba su yawaita ba. Baturen nan Clapperton, da ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a yaƙin Gobir cikin 1826, ya ƙirga bindigogin da ba su kai 50 ba a cikin dubban mayaƙa. Sai a rabin ƙarshe na ƙarnin abin ya canja. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi masu yawa har ya sa ana ƙera igwa a Zinder, sarakunan Kano kuma suka damƙa tasu a hannun amintattun bayin sarki.

To ta yaya kayan fada ya koma ɗakin talaka? Turawa suna da hannu a ciki, ba don ƙauna ba. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels, suka hana sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani, amma suka bar ƙofa a buɗe ga tsohuwar bindiga mai ƙyastu da albarushin kasuwa. Wato sun riƙe wa kansu mai aman wuta, irin wadda suka zo da ita Kano a watan Fabrairun 1903, suka bar wa baƙar fata mai harbi ɗaya. Irin wannan bindiga ta daɗe tana shigowa ta gaɓar teku, har Turawan Ingila suna kiranta da sunan mutanen Denmark, waɗanda suka yi cinikinta a gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau. Da yaƙe-yaƙe suka ƙare, hanyoyi suka buɗe, sai ta riƙa hawowa arewa a cikin kayan fatake. Maƙeran gida suka kwance ta, suka gane sirrinta, suka fara gyarawa, daga baya suka fara ƙera tasu. Da motoci suka yawaita, bututun sitiyarin tsohuwar mota ya zama abin nema a maƙera.

Shi ya sa in aka ce bindigar kaka, a mafi yawan gidaje ana maganar abin da bai wuce zuriya uku ko huɗu ba. Kuma sau da yawa ba ita ce ainihin wadda kakan ya riƙe ba gaba ɗayanta. An sauya ƙota da ta karye, an sauya kunama, wataƙila ma an sauya bututun. Amma a wurin mai ita, ita ce dai.

Ranar da maharbi ya kwanta dama, bindigarsa takan jawo magana. A shari'ar Musulunci ita ma dukiya ce kamar gona da akuya da buhun gero, kowane magaji yana da haƙƙi a cikinta, har da matan mamacin da 'ya'yansa mata waɗanda ba su taɓa taɓa ta ba. Malamin da ya zo rabo ba zai sare ta gida-gida ba. Ƙima ake yi mata, a sa ta a cikin rabon ɗan da ya bi sawun uban, a cike wa sauran da wani abu. A kuɗi ba ta taka kara ta karya ba, sau da yawa tunkiya ta fi ta tsada. Rigimar da takan taso ba ta kuɗi ba ce. Babban ɗa yana ganin shi ne magajin gida, ƙaninsa kuma yana ganin shi ne ya sha rana da ƙaya a bayan tsohon.

Dattawa masu hangen nesa ba sa barin abin ya kai haka. Idan ido ya fara rauni, gwiwa ta fara ƙin hawan dutse, sai tsoho ya kira ɗan da ya zaɓa a gaban 'yan'uwa, ya sauko da ita ya miƙa masa. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓe ta ta koma hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya, don haka ba a barinta a kan ƙusar da take. Ɗaki take sauyawa a ranar. Mutane da yawa da suka gaji bindiga sun fi tuna wannan rana fiye da ranar harbin farko, domin ita ce ranar da suka gane cewa mahaifinsu ya tsufa.

Ƙarfen kuwa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da ake miƙawa. Hausawa sun ce ɗan na-gada ya fi ɗan na-koya, kuma a harkar farauta maganar tana da nauyi. Tare da bindiga ake ba da sanin itatuwa: saiwar da ake jiƙa wa wanda maciji ya sara, ɓawon da ake dafa wa mai ciwon ciki, abin da ya sa maharbi a ƙauye yake zama rabin mai magani. Ana ba da kirarin gidan, wanda ake yi in makaɗin komo ya taɓa tsirkiya. Ana ba da layu da abin da maharba ke kira tsari daga namun da suke cewa suna da ƙwari, irin su gwanki da ɓauna. Malamai sun daɗe suna jan kunne a kan wannan ɓangare, kuma matasan maharba da yawa sun ajiye shi. Akwai kuma hukunce-hukuncen da kowane maharbi Musulmi ya wajaba ya sani: a ambaci sunan Allah lokacin harbi, in an tarar da dabbar da sauran rai a yanka ta, a kuma san abin da ya halatta a ci da wanda bai halatta ba. Malaman Malikiyya na baya-baya a ƙasashen Magrib sun tattauna batun naman da dalma ta kashe, suka halatta shi, kuma a kan wannan fatawa ake tafiya.

Wannan gado bai tsaya ga maza kaɗai ba. Aisha Bakari Gombi ta jihar Adamawa, wadda sunanta ya zaga duniya saboda jagorantar mafarauta wajen fafatawa da Boko Haram, a wurin kakanta ta fara sanin daji tun tana yarinya.

Akwai abu ɗaya da ba a gadonsa, kuma nan ne magada da yawa ke faɗawa rami ba su sani ba. Shi ne lasisi. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Na farko su ne na yaƙi, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Na biyu su ne irin su bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, wato bindigar toka da 'yan'uwanta, waɗanda aka bar al'amarinsu a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha tare da amincewar gwamna. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka taɓa hukuntawa kan laifin tashin hankali a cikin shekaru biyar da suka gabata. Sannan ta yi magana a kan gado kai tsaye: in mai lasisi ya rasu, wanda bindigar ta faɗa hannunsa yana da kwana 14 ne kacal da zai riƙe ta a kan takardar mamacin. Bayan nan sai ya nemi tasa.

Kwana 14 a ƙauye ko zaman makoki bai gama watsewa ba, balle a yi maganar rabon gado. Da wuya a sami magaji ɗaya cikin masu yawa da ya taɓa jin wannan sharaɗi. A nan laifin ba na talaka kaɗai ba ne. Dokar da ta haura shekara 60 ba a kai ta ƙofar gidan mutanen da ta shafa da harshen da suke ji ba, tana nan kamar tarko a cikin ciyawa. Sarakunan baka da masu unguwanni da dagatai sun san kowane gida mai bindiga a ƙasarsu, kuma da za a bi ta hannunsu a yi rajista mai sauƙi, da an raba maharbin gado da ɓata-gari ba tare da wahala ba.

Haɗari na biyu yana jikin bindigar kanta. Ƙarfe yana gajiya. Albarushi yana barin dauɗa mai jan laima, tsatsa ta riƙa cin bututun daga ciki inda ido ba ya gani. Saurayin da ya gaji bindiga bai gaji ma'aunin hannun ubansa ba, sai ya ƙara ɗuri don ta yi ƙara, bututu ya fashe. Duk wanda ya zauna da maharba ya ga hannun da babu yatsa biyu ko uku, ko fuskar da albarushi ya yi wa zane.

Sai kuma dajin da za a shiga da ita. Duwatsun Birnin Kudu suna nan yadda suke, har da Dutsen Mesa da Dutsen Habude masu zanen shanu na mutanen da, waɗanda Baturen nan Bernard Fagg ya bayyana wa duniya a tsakiyar shekarun 1950. Amma kurmin da ke kewaye da su ya zama gonakin gero da dawa da riɗi. Gwanki da ɓauna da kanki sun koma cikin kirari da labarin tsofaffi. Abin da ya rage wa mai fita yau shi ne zomo, gafiya, kurege, makwarwa, zabo, sai gada in an yi babbar sa'a. Dazuzzukan da ke da sauran nama a kusa, irin su Falgore a Kano da Lame-Burra da Yankari a Bauchi, gandun gwamnati ne, farauta a cikinsu laifi ce. Gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce, farautar gayya da cinna wa daji wuta da rani suna cikin abin da ya kawo wannan hali, ba gatarin mai gawayi da garmar manomi kaɗai ba.

Da nama ya ƙare, sai aikin bindigar ya sauya. Gwaram ta ɗanɗana harin 'yan bindiga a watan Afrilun 2014, lokacin da aka afka wa ofishin 'yan sandan garin aka kashe jami'ai. A shekarar ce kuma ɗaruruwan mafarauta suka taru a Maiduguri suna neman a ba su dama su shiga daji neman 'yan matan Chibok, kuma a ƙarshenta mafarauta suka taimaka wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. Tun daga nan maharbi ya zama ɗan sintiri a garuruwa da yawa, yana kwana a bakin gari da harba-ka-ruga, yana jiran mutanen da ke ɗauke da AK-47.

Wasu kuma suka bi nama zuwa inda yake, suna tafiya kudu da rani da karnukansu da bindigoginsu. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana cikin azumi, wata mota ɗauke da mafarauta 'yan arewa ta taso daga jihar Ribas za ta Kano don bikin Sallah. A Uromi ta jihar Edo 'yan banga suka tare ta, suka ga bindigogin toka, aka yi musu ihun masu satar mutane. Mutum 16 aka kashe. Da yawansu 'yan Toranke ne ta ƙaramar hukumar Bunkure a jihar Kano, tafiyar 'yan sa'o'i daga Birnin Kudu. Abin da a garinsu yake shaidar sana'ar gidan ubansu, shi ne ya zama hujjar kashe su a garin da ba a san su ba. Labarin ya girgiza gidajen maharba a duk faɗin arewa, kuma iyaye mata da yawa sun daɗa ƙin ganin ɗansu ya saɓa bindiga ya nufi tasha.

Wurin da bindigar toka ta rage da martabarta ba tare da zargi ba shi ne filin hawa. Ran Sallah a Dutse ko a Kano, in 'yan bindiga suka jera suka saki wuta sama, ƙasa ta amsa, dawakai su zabura, hayaƙi ya turnuƙe, yara su toshe kunne suna dariya. Hawan Sallar Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a watan Disambar 2024, kuma ƙarar adaka tana cikin abin da ya sa hawan ya zama hawa.

A ƙauye kuwa, jikan maharbi a yau yana iya zama ɗan acaɓa a Birnin Kudu, ko ɗalibi a Dutse, ko mai awon riɗi a kasuwar Sara. Bai san sawun gada ba, kuma ba shi da lokacin koyo. Amma in dillalin tsofaffin ƙarafa ya taya bindigar, ba ya sallamawa. Gab da faɗuwar damina yakan sauko da ita, ya zare tsumman bakin, ya zura sanda ya tabbatar babu ɗuri, ya goge tsatsar, ya shafa mata mai. Ƙaramin ɗansa yana tsaye a bakin ƙofa yana kallo, yana tambayar ta wace ce. Sai ya gaya masa sunan, ya mayar da ita kan ƙusa.